Firizar sola da na saya a kasuwar Terminus ta Jos, ga abin da na gani bayan shekara ɗaya da wata biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun ranar da facalata ta je gidan suna ta baza labarin firizar nan ban huta da tambaya ba, wannan ta kira tace Maman yara nawa kika saya, waccan tace wai da gaske ko an ɗauke wuta kwana uku tana nan tana aiki, wata ma har gida ta zo da mijinta ya leƙa rufin ɗaki yana ƙirga fanel. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, yau yara sun tafi islamiyya auta kuma barci ya ɗauke shi, bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya, mai daɗin da mara daɗin. Sunan shagon da sunan kamfanin ba zan faɗa ba, don akwai abin da suka yi min da ban ji daɗi ba kuma ban zo tozarta kowa ba, ban kuma zo yi wa kowa talla ba, ko sisi ba wanda ya ba ni.

Ni dai a Jos nake, Anguwan Rogo, nan bayan jami'a ta Bauchi Road, sana'ata kunun aya da zoɓo da fura da yogot, shekara shida ke nan ina yi daga cikin gida. Yara uku gare ni, biyu na makaranta ɗaya na goye. Yawancin kwastomomina ɗalibai ne da masu shaguna na bakin titi, sai odar biki ko suna ko walima in Allah ya kawo. Duk wadda ta taɓa yin kunun aya ta san halinsa, ba shi da haƙuri ko kaɗan, ki markaɗa aya da dabino da kwakwa da citta ki tace ki zuba a gora, in bai samu sanyi ba kafin la'asar ya fara tsami, zuwa dare ya yi yauƙi, shikenan kuɗinki ya bi kwata. Zoɓo yana ɗan jurewa, yogot kuwa ɗan uwan kunun aya ne wajen rashin mutunci. Saboda haka sana'ar tawa gaba ɗaya a kan sanyi take tsaye.

Kafin in sayi wannan firizar, tsohuwa gare ni ta wuta wadda aka yi min a kayan ɗaki. Ita kanta ba ta da laifi, wutar ce babu. Layinmu sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare a kawo, kafin a kira asuba an ɗauke, toh ni kuma kunnena kullum a buɗe, da na ji fanka ta motsa zan diro daga gado in kunna bilenda in jera goruna in cika firiza, yaro ya farka yana kuka in goya shi in ci gaba, in koma in kwanta ƙarfe huɗu, biyar da rabi na tashi haɗa abin kari da shirin makaranta. Shekaru na yi a haka wlh, har ciwon kai ya zame min abokin zama na ɗauka haka rayuwa take. Ranar da ba wuta sai ƙaramin jen, da can ana iya lallaɓawa lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, amma tunda aka cire tallafi a watan Mayu 2023 sai hawa yake, zuwa ƙarshen 2024 ya haura dubu ɗaya, ki zuba lita uku don kawai kunun ɗari biyar biyar ya yi sanyi, ina ribar take? In ba jen ba sai in aiki yaro ya sayo ƙanƙara a zuba a kula, ita ma ranar da gari ba wuta masu ita sai su ninka kuɗi.

Abin da ya kai ni bango shi ne duhun nan na ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala aka yi sama da mako guda ko ƙyalli babu, kowa ya tuna, har cajin waya sai da ya zama abin bin layi. Daidai lokacin na karɓi odar walima, gora 150 na kunun aya, na riga na sayi aya a kasuwar Katako na jiƙa, na markaɗa da daddare ina tunanin za a kawo wuta kamar kullum, jen kuma ya zaɓi wannan daren ya ƙi tashi, Baban yara ya ja igiya har kafaɗarsa ta sage. Ƙanƙara kuwa ko da kuɗinki babu a unguwa. Da gari ya waye na buɗe gora ɗaya na sansana sai kawai na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata, na mayar wa matar da kuɗinta na ba ta haƙuri, ta ce ba komai amma har yau ba ta sake yi min oda ba.

A satin na ce wa Baban yara ni fa sola zan saya. Yace da wane kuɗin? Nace adashina na nan tafe a Nuwamba, in bai kai ba in haɗa da 'yan kunnena na gwal. Ya yi shiru can yace gwal ɗin da Umma ta ba ki? Nace gwal a cikin akwati ba ya sanyaya kunu. Dariya ya yi, amma gaskiya ranar da na kai su aka ɗora a sikeli sai da zuciyata ta yi nauyi.

Shagon yana nan wajen Terminus, cikin jerin masu kayan wuta da ke kusa da Ahmadu Bello Way, ba babba ba ne can amma cike yake har bakin ƙofa da fanel da batira da fitilu. Sau uku na je kafin in biya. Mai shagon mutum ne mai fara'a da iya baki, da na shiga ya sa yaro ya kawo min kujera, Hajiya sannu da zuwa, Hajiya ya yara, Hajiya wannan firizar in kika saya kin yi sallama da fetur har abada. Ya nuna min girma uku, na zaɓi ta tsakiya mai ɗaukar lita 200 da ɗoriya, irin mai buɗewa ta sama. Yace kuɗi hannu dubu 870 da fanel biyu da batir da kwantirola mai daidaita cajin batir da wayoyi da kuɗin haɗawa, in kuma biya kashi-kashi ne na wata shida dubu 980. Na taya dubu 800 yace albarka, muka yi ta ja har Baban yara ya gaji ya fita waje, a ƙarshe bai rage ko naira ba sai dai yace zai ƙara min kwando ɗaya na cikin firiza kyauta. Ku riƙe maganar kwandon nan za mu dawo kanta.

Maganar bambancin kuɗin nan ta ɗan dame ni, kar in je in faɗa riba ban sani ba, sai na sa Baban yara ya tambayi malamin da suke ɗaukar karatu wurinsa bayan magariba. Malam yace in dai tun farko an tsaya a kan farashi ɗaya an san ranar gama biya, kuma ba za a ƙara komai ba in an yi jinkiri, to ciniki ne ya halatta. Na koma na tabbatar an rubuta haka a takarda, na ba da dubu 400 a take, sauran aka raba wata shida. A nan dai ba ni da ƙorafi a kansu, wata ɗaya na yi lattin kwana tara saboda kuɗin makarantar yara ya haɗe da shi, kira ɗaya ya yi min cikin mutunci yace Hajiya a tuna da mu, bai ƙara kobo ba.

A-kori-kura ce ta kawo kayan washegari da yara biyu masu haɗawa. Sun ce kar a kunna sai ta huta wasu awoyi saboda man cikin kwamfiresa ya koma mazauninsa bayan jijjigar hanya, wannan gaskiya ne duk firizar da aka ɗauko a mota haka ake mata. Suka hau rufin kwano suka ɗaure fanel, suka zuro waya ta taga, suka ajiye batir a ƙarƙashin teburin kicin, duka aikin bai kai awa biyu ba, na ma yi ta yabonsu ina cewa kai yaran nan akwai zafin nama, na zuba musu shinkafa da wake da zoɓo mai sanyi na ƙanƙarar saye. Ashe saurin nan shi ne zai zame min ciwo daga baya, amma a lokacin me na sani, ni dai na ga fitila kore ta kama.

Watannin farko kam sai hamdala. Firizar ba ta da ƙara, in ba kin sa kunne ba ba za ki san tana aiki ba, kuma ba ruwanta da inbata don kai tsaye take sha daga batir, akwai kuma wata 'yar na'ura da suka haɗo da ita wadda in an kawo wuta za ki iya jonawa. Abin da ya fi komai yi min daɗi ba kowa zai gane ba sai uwa mai sana'a, barci. Na koma yin markaɗe da rana bayan na dawo daga kai yara makaranta, in tace in ƙulla in jera kafin azahar lokacin da rana take da ƙarfi, dare ya yi in kwanta kamar kowa. Satin farko sai da na riƙa farkawa ƙarfe biyu haka kawai jikina ya saba, in zauna a bakin gado in tuna ai ba abin da zan yi, in ja bargo in koma. Babbar 'yata ce ta fara lura tace Mama yanzu ba kya faɗa da safe. Na ji kunya wlh, ashe duk masifar da nake sauke musu wajen neman safa da takalmi rashin barci ne.

Sai dai Jos garin abin mamaki ne, lokacin da firizar ta fi jin daɗin aiki shi ne lokacin da ba mai son abu mai sanyi. Disamba da Janairu sanyi ake zubawa mutum na fama da rigar sanyi biyu da safa, wa zai sayi kunun aya mai ƙanƙara? Ciniki ya faɗi warwas ga ɗalibai sun tafi hutu ga biyan wata yana jirana, har na fara tunanin ko na yi gaggawa. Dole na ƙara da kunun gyaɗa mai zafi a filas da safe, firizar kuma na riƙa saro kaji da kifi ina ajiyewa ina sayar wa matan unguwa da ɗai-ɗai, da wannan na riƙa haɗa kuɗin wata. Ga ƙurar hunturu, kwana huɗu biyar fanel ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, caji ya ragu, sai an hau an wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Ba wanda ya gaya min wannan a shago, ƙanin Baban yara ne ya lura, shi ne kuma mai hawa duk Asabar, ladansa gora ɗaya ta fura.

Azumin 2025 da ya kama a watan Maris, daidai lokacin da Jos ke ɗan taɓa zafi, nan ne ta fitar da ni kunya. Kullum kafin ƙarfe biyar yara sun yi layi a ƙofar gida, masu oda ta WhatsApp kuma ɗan keken da nake hulɗa da shi ya kwasa ya kai Rikkos da Gangare da Nasarawa, alat na shigowa ina tsaye ina suyar ƙosan buɗa-baki. A watan nan kaɗai na haɗa biyan wata biyu. Amma kuma a nan na gane iyakarta. Ba ta da saurin daskarar da abu kamar firizar wuta in wutar ta tsaya da ƙarfi, in kika cika ta maƙil da kaya sabbin haɗawa za su yi sanyi mai daɗin sha amma ba za su yi ƙanƙara a yini ɗaya ba, na tsakiya ma sai kin juya su. Ni da na ɗauka zan haɗa da sana'ar ƙanƙarar leda a azumi sai na ga ba hali, kaɗan nake samu na amfanin gida da na saka wa a kula.

Dabarun da na koya da kaina a hankali su ne, zoɓo sai ya huce sarai kafin ya shiga, in kika sa shi da ɗumi batirinki kike ci. Ina ajiye gorunan ruwa manya guda shida a can ƙasa su daskare su zauna nan dindindin, su ne ke riƙe sanyi da daddare ko ranar hadari. Sabon kaya da safe zuwa azahar nake sa wa, ba da magariba ba. Sannan buɗe-buɗe, wannan kam yaƙi ne da yara, ɗana na tsakiya sai ya buɗe ya tsaya yana kallon ciki kamar talabijin, sai da na koma kwashe na sayarwar yini a kula tun da rana, firizar kuma a rufe ta da makulli.

Wata matsalar ba ta kamfani ba ce ta zaman tare ce, amma duk mai shirin saye ta san da ita. Gidanmu gidan gado ne, ɓangare huɗu, da babbar sallah ta zo a watan Yuni kowa ya yanka sai ga robobi da ledoji suna shigowa, Maman yara a ɗan ajiye min wannan cinyar zuwa jibi, Anti ga kayan ciki in ji Mama, ita kuwa Hajiya uwar mijina ai ba ma sai ta tambaya ba. Wa za ki hana? Na kwashe kayan sana'ata na cika ta da naman mutane mai ɗumi, kwamfiresa ta yi ta aiki ba tsayawa kwana biyu, jini ya zuba a ƙasa, bayan an kwashe sai da na wanke ta sau uku da ruwan ɗumi da bekin soda da lemon tsami kafin ƙarnin ya fita, kunun aya kuwa kun san yadda yake kwasar wari. Mako guda cur ban yi ciniki ba. Bana na riga na gaya wa Baban yara shi zai yi magana da 'yan uwansa, na Hajiya kaɗai zan karɓa, sauran kowa ya soya nasa. Haka masu zuwa da waya a jona musu caji a jikin batir, da farko ina jin nauyi ina karɓa, yanzu na ce mai gyara ya hana, kuma da gaske ya hana ɗin.

Toh yanzu ga inda raina ya ɓaci. Watan Agusta, duk ɗan Jos ya san shi, sai a kwana uku ana yayyafi rana ko leƙowa ba ta yi. Na fara lura wajen ƙarfe uku na dare firizar na mutuwa, fitila ta koma ja, da safe in taɓa goruna in ji sun saki. Na ce hadari ne zai wuce. Aka samu rana biyu a jere, duk da haka ba ta kai asuba. Na kira mai shago, ranar farko ya ɗauka yace Hajiya damina ce ki yi haƙuri, rana ta biyu yace zai turo yaro, yaro bai zo ba, daga nan wayar ta koma ringin ba a ɗauka, mutumin da lokacin yana bina kuɗi bugu ɗaya yake ɗagawa. Na goya auta na hau keke cikin ruwa na tafi da rasit a jaka. Ya karɓa ya duba ya juya bayan takardar ya nuna min wani ɗan rubutu ƙanana da ban taɓa lura da shi ba, wai garantin firiza shekara ɗaya ne amma na batir wata shida, ni kuma ina wata na tara. Nace Alhaji amma ranar da na saya ai cewa ka yi komai shekara ɗaya. Yace Hajiya abin da ke rubuce shi ne magana, in kina so akwai sabon batir sai in yi miki ragi. Ban ce komai ba na karɓi takardata na fito, don in na buɗe baki a lokacin ba mai daɗi zai fito ba. Laifina ne ban karanta ba, na yarda, amma shi ma ya san abin da ya faɗa da bakinsa.

Wata ƙawata ce ta haɗa ni da wani mai gyaran sola a Dilimi, dattijo mara yawan magana, ya zo da mitarsa ya hau sama ya sauko ya duƙa ƙarƙashin tebur, sannan yace 'yata zauna in yi miki bayani. Abin da ya gaya min shi ne ya kamata a ce na sani tun kafin in fitar da kuɗi. Yace firizar lafiyarta ƙalau, kaya ce mai kyau, matsalar duk a abin da aka haɗo ta da shi ne. Batirin da suka ba ni irin na dalma ne mai lamba 100Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka, irinsa kuma rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a riƙa sha, in ana tatse shi har ƙasa kullum ba ya daɗewa, ni kuwa tun sallar layya nake tatsarsa ban sani ba. Kwantirolar ƙarama ce mai arha da ake kira PWM, tana zubar da wani kaso na wutar da fanel ke kawowa, akwai wadda ta fi ta da ake kira MPPT mai tattaro wuta sosai musamman a gari mai sanyi da hadari irin namu. Wayar da suka ja siririya ce kuma doguwa, ya sa na taɓa na ji ɗumi, yace wannan ɗumin wutarki ce ke tafiya a banza. Na ƙarshe wanda ya fi ba ni haushi, sun ɗaure fanel ɗaya a inda inuwar tankin ruwan maƙwabta ke sauka a kansa daga ƙarfe biyu na rana, kuma ashe inuwa ko a gefe guda ta taɓa fanel sai ƙarfinsa ya faɗi sosai. Yace a ƙasarmu fanel kudu ake fuskantar da shi a ɗan kishingiɗe, inda ba bishiya ba tanki ba bango. Yaran nan da na yi ta yabo inda ya fi sauƙin hawa kawai suka duba.

Ya matsar da fanel, ya canza waya mai kauri, ya sa MPPT, ya kuma sa min abin kariya saboda tsawa don Jos ba a wasa da aradu. Batir kuma yace in zan iya in daure in sayi lithium, lambarsu ɗaya 100Ah amma shi ana iya shan kusan duka abin da ke ciki ba tare da ya lalace ba, ga daɗewa ga rashin nauyi. Duka da kuɗin aikinsa na kashe wajen dubu 360, kuɗin da na tara don in sayi injin markaɗe nawa na kaina in huta da kai wa bakin layi. Ya yi zafi, amma daga ranar zuwa yau firizar ba ta sake mutuwa da dare ba, har sauran kwanakin damina na Satumba ta wuce su lafiya, sai dai in hadari ya yi kwana biyu ina rage sabon kaya, in an kawo wuta kuma in jona ta taimaka.

Ƙananan abubuwan da ban so a jikin firizar kanta, makullin roba-roba ne wata huɗu ya karye sai da na sa aka yi min maratayin kwaɗo. Ba ta da taya, in za ki share bayanta sai kin nemi mai taya ki ja. Tana da zurfi, ni kuma ba doguwa ba, in abu ya faɗa can ƙasa sai na taka kujera 'yar tsugunno na zura rabin jikina ga goyo a baya, ranar nan auta ya kusa binni ciki. Ƙanƙara na taruwa a bango duk bayan sati uku haka sai an kashe an bari ta narke, kuma don Allah kar wadda ta sa wuƙa ta ce za ta ɓanɓare, facalata ta huda tata ta wuta da haka gas ya fice. Robar murfin kuwa har yau tana kamawa gam, fentin bai yi tsatsa ba duk da danshin kicin ɗina.

In aka zo lissafi, dubu 980 da dubu 360 kun ga ta tasar min miliyan ɗaya da dubu 340, ba dubu 870 da aka fara faɗa min ina zaune a kujerar shago ba. Ina da littafi da nake rubuta shige da fice tun da na gane kuɗin sana'a da kuɗin cefane in suka haɗu a jaka ɗaya ba a gane na wa ya ƙare, toh a littafin nan abin da nake kashewa a fetur da ƙanƙara da gyaran jen da asarar kayan da suka lalace, in na haɗa na wata goma sha huɗu ya haura rabin kuɗin, ban sa ƙarin cinikin da na samu ba don yanzu ina karɓar oda ba tare da gabana na faɗuwa ba. 'Yan kunnena dai ban mayar ba tukuna. Farashin nan kuma na lokacin da na saya ne, kar wata ta je kasuwa ta ce Maman yara ta ce kaza, kayan sola da dala suke tafiya.

Wadda ke yin kunun aya ko yogot ko zoɓo ko ajiye kaji daga gida, kuma layinsu ba wuta irin namu, ni ina ganin ta saya ba za ta yi nadama ba in dai ta shiga da idonta a buɗe. Wadda kuma ƙanƙara zalla take so ta riƙa fitarwa buhu-buhu, wannan girman ba zai yi mata ba, kar mai shago ya rufe ta da baki. In layinku na samun wuta awa goma sha a rana ma ban ga dalilin kashe wannan kuɗin ba, ki gyara ta wutarki ki ƙara jari. Da zan koma baya firizar kaɗai zan saya a shagon, in ɗauki mai haɗawa nawa daban tun ranar farko mu je tare ya zaɓi batir da kwantirola da waya da kansa, in kuma juya bayan rasit in karanta a gaban mai shago kafin in yi tiransifa, a rubuta min garantin kowane abu da sunansa.

Firizar na ba ta takwas cikin goma, dattijon Dilimi goma cif, shagon kuwa huɗu, kuma huɗun nan don haƙurin da ya yi da ni ne watan da na yi latti. Kwandon da yace zai ƙara min kyauta, sau uku ina aika yaro, na farko aka ce yana sito, na biyu aka ce mai makullin sito ya tafi Bukuru, na ukun aka ce wane kwando. Jibi in Allah ya kai mu zan shiga Katako sayen aya da dabino na shirin azumi, zan biya ta Terminus ɗin da kaina da rasit ɗina, don shi kam an rubuta shi a gaban takardar da biro.